Amsa: ina tsofaffin jiragen ruwa suke ƙarewa?

Ɗan'uwa, ka tambayi makomar jirgin ruwa in ya tsufa, da kuma abin da ya dami Bakatsine da zancen teku.

Yawancinsu yanka su ake yi. In jirgi ya yi shekara 25 zuwa 30, sai a sayar da shi bisa nauyin ƙarfensa, a kai shi Alang a Indiya ko Chittagong a Bangaladesh. Ana jira ruwa ya cika, a koro shi ya kafe a gaɓa, leburori su hau da wutar yankan ƙarfe. Ƙarfen ya koma rodi. Sana'ar 'yan gwangwan ce babba, kuma wallahi tana cin rayuka, ga gobara ga faɗowar ƙarfe.

Kaɗan ne ake adanawa. Vasa, wani jirgin yaƙin Suwidin, ya nutse a 1628, Suwidin ta tsamo shi a 1961, ta gina masa gidan tarihi.

Mu ma da ruwanmu. Kakanninmu da suka tafi Hajji a ƙasa, a jirgin ruwa suka haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Burina NNS Aradu, jirgin yaƙin da ya shiga rundunar sojan ruwanmu a 1982, ya zama gidan tarihi a Legas, a riƙa kai ɗaliban Katsina da Daura su hau su gani.