Hukuncin famfon da ke fesa wa ciyawa ruwa da kansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Maigidana ya sa an dasa ciyawa a farfajiyar gidanmu a Kaduna, aka haɗa mata famfon nan mai juyawa da ke fesa ruwa da kansa, an saita masa taima safe da rana da yamma, ko muna gida ko mun yi tafiya yana yi. Ruwan har ta ƙarƙashin get yake bi ya fita titi, ga maƙwabta kuma sayen ruwa suke wajen 'yan garuwa. Na yi masa magana ya ce ai bohol ɗinsa ne da kuɗinsa ya haƙa, kuma ba shi yake kunnawa ba. Malam muna da laifi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya Allah ya saka miki da alheri da abin ya dame ki har kika tambaya.

Ita dai shukar kanta babu laifi, har lada ma ana samu, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka tsuntsu ko mutum ko dabba su ci face an rubuta masa sadaka. Na'urar ma halal ce, kayan aiki ce kamar bokiti da tiyo. Inda maganar take shi ne ruwan da ya wuce buƙata.

Allah ya ce a Suratul A'araf aya ta 31 ku ci ku sha kada ku yi almubazzaranci, lallai shi ba ya son masu almubazzaranci. To Hajiya abincin wa mutum yake ci, ruwan wa yake sha? Ai nasa ne, da kuɗinsa ya saya, amma duk da haka aka ce kar ya wuce iyaka. Kin ga ke nan maganar "bohol ɗina ne" ba ta zama hujja ba. Kuma Anas ya ce Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu guda, yana wanka da sa'i zuwa mudu biyar, kuma fa ba mudun kasuwa da ake auna gero ba, mudannabi, cikin tafin hannu biyu, bai ma kai lita ɗaya ba. Shi ya sa mai Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ce ƙaranta ruwa tare da kyautata wanki sunna ne, ɓarnarsa kuma wuce iyaka ne da bidi'a. Alwala ke nan da take ibada, ina ga ciyawar ado. Hadisin Sa'ad da ya shahara na hana ɓarnar ruwa wajen alwala ko da kana bakin kogi mai gudu, wanda Ahmad da Ibn Majah suka ruwaito, malamai sun yi magana a kan isnadinsa, amma ko an ajiye shi gefe waɗannan sun wadatar.

Sai zancen ba shi yake kunnawa ba. Wanda ya saita taimar shi ya kunna, duk fitar da ruwan zai yi da umarninsa ne ko yana barci ko yana Saudiyya, kamar wanda ya buɗe famfo ya tafi kasuwa ne, ba wanda zai ce famfon ne mai laifi. Ni da idona wata safiya a watan Agusta ana tsuga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya na wuce wani gida get ɗinsa a buɗe, abin nan yana ta juyi yana feshi a cikin ruwan saman, da rani kuma a layin dai na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara 8 ba ta durƙusa tana kwalfar ruwan da ke gangarowa daga ƙarƙashin wani get da robar fenti tana ɗurawa a jarka. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

In kina so maigida ya gani da idonsa ki ajiye gwangwanin madara wanda ba komai ciki a kan ciyawar kafin famfon ya tashi, in ya tsaya ki auna zurfin ruwan da ya taru. Kowace milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, to in filin mita 10 ne tsawo mita 10 faɗi kuma kika samu milimita 10, lita 1,000 ke nan, jarka 40 mai cin lita 25, a tashi ɗaya, ku kuma sau uku kuke yi a rana.

Hukuncin dai: shayar da ciyawa gwargwadon buƙatarta halal ne. Ɗan abin da ya ƙaru bisa kuskure ko rashin sani ana fatan Allah ya yafe. Amma mutum ya sani sarai ruwa na kwarara titi kullum, an faɗa masa, yana da ikon gyarawa ya ƙi, wannan almubazzaranci ne da tozarta dukiya kuma abin da ya fi ƙarfi a wurina haramun ne. In kuma ya kai ga cutar da wasu, layi ya zama taɓo sauro na ƙyanƙyasa a kwata, ko rijiyoyin maƙwabta suna ƙafewa saboda yawan jan da bohol ke yi, to laifi biyu ya haɗu, don hadisi ya ce ba cuta ba cutarwa, kuma a mazhabar Imam Malik ana hana mutum haƙa rijiyar da za ta janye ruwan ta maƙwabcinsa ko da a cikin filinsa ne. Ke da kika yi nasiha kin sauke naki, ki ci gaba da yi cikin ladabi, ba a gaban yara ba.

Gyaran ba shi da wuya. A kashe taimar gaba ɗaya da damina. Da rani a mayar da ita sau ɗaya bayan sallar asuba, don na tsakar rana zafi ke ɗauke da yawansa, da hunturu kuma iska ke kwashe feshin ta watsa a katanga, ba ma dole sai kullum ba. A kira mai gyara ya juya kawunan da ke jiƙa siminti ya canza waɗanda suka fashe, mai aske ciyawar kar ya riƙa yi mata ƙwal. Da zai ji tawa ma da ya rage faɗin ciyawar ya sa zogale da gwaiba da lemun tsami da mangwaro ko ɗaya, a ja musu siririn tiyo mai ɗiga a gindi a rufe gindin da busassun ganye, ruwan alwalarku ma a tara a zuba musu.

Tunda Allah ya hore masa bohol, ya fitar da kan famfo ɗaya waje jikin katanga maƙwabta su riƙa ɗiba ko na awa biyu ne da safe. Sa'ad bin Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ce ta fi, ya ce masa shayar da ruwa. Ki fara masa da wannan, sannan ki kawo zancen taimar.

Wallahu a'alam.