Kwana biyu a Clermont-Ferrand: birni zan fara ko duwatsu?

Tambaya: Malam, ina karatu a Paris, na samu hutun kwana biyu. Ina son zuwa Clermont-Ferrand in ga duwatsun nan masu aman wuta, amma mahaifiyata a Damagaram ta tayar da hankalinta. Akwai haɗari? Kuma da me zan fara?

Amsa: Ƴar'uwa, ki kwantar wa Hajiya hankali. Jerin duwatsun da ke kusa da birnin, waɗanda ake kira Chaîne des Puys, kusan 80 ne, kuma rabonsu da aman wuta shekaru dubbai ke nan. Yau ciyawa da itatuwa sun lulluɓe su, tumaki na kiwo a gefensu. UNESCO ta saka yankin cikin wuraren gado na duniya a 2018.

Shawarata, sararin sama ne zai tsara miki tafiyar. Daga tashar Bercy da ke Paris zuwa Clermont-Ferrand jirgin ƙasa kan ci wajen awa uku da rabi. In kin wayi gari sama garau, ki bar birni ki nufi Puy de Dôme, ɗaya daga cikin duwatsun. Tsayinsa mita 1,465, kuma wani ƙaramin jirgin ƙasa mai haƙora yana kai mutum ƙololuwa cikin kamar minti 15. Daga can za ki ga duwatsun jere kamar tukwanen da aka kife, wasu kuma bakinsu buɗe kamar akushi, irin su Pariou. In hazo ya sauka, kuɗin tikiti ya tafi a banza. Ki riƙe rigar sanyi ko da bazara ce, iskar can ba ta da kunya.

Birnin kuwa daga jikin duwatsun aka sassaƙo shi. Babbar majami'arsa, wadda aka fara ginawa a 1248, baƙa ce ƙirin, baƙo ya zaci gobara ce ta lashe ta, alhali da dutsen Volvic aka gina ta, wani baƙin dutse da ya samu daga aman wuta. Ki matsa kusa ki shafa bango, za ki ji ƙananan ramuka a jikin dutsen. A garin nan ne Fafaroma Urban na biyu ya yi kiran yaƙin ƴan Salibiyya na farko a 1095. Gidan tarihin Michelin, kamfanin tayoyin mota, sai in lokaci ya ragu.

Wajen cin abinci ki yi hattara da truffade, dankalin turawa da cuku. Yawanci da naman alade ake kawo shi, don haka ki tambayi abin da ke ciki kafin ki ce a kawo.