Tarihin gidan Lladró, masu tangaran ɗin ado na ƙasar Sifaniya

Tambaya: Assalamu alaikum. A cikin kayan da na gada daga mahaifiyata akwai ɗan mutum-mutumin tangaran na wata yarinya riƙe da kwandon furanni, a ƙarƙashinsa kuma an buga shuɗin tambari mai siffar fure da sunan Lladró. Su wane ne waɗannan mutane, kuma gaskiya ne har yanzu kamfanin yana hannun iyali ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah Ya jiƙan mahaifiyarki. Sunan da kika gani na wasu 'yan'uwa ne su uku, uwa ɗaya uba ɗaya, wato Juan da José da Vicente, 'ya'yan manoma daga ƙauyen Almàssera da ke kusa da birnin Valencia a Sifaniya. Suna aikin albashi ne a wata masana'antar tayil, suna kuma koyon zane da sassaƙa a makarantar sana'o'i ta Valencia, har a shekarar 1953 suka soma gasa nasu kayan a tanderun da suka gina a tsakar gidan iyayensu. Farkon abin da suka yi bai wuce farantai da tuluna da furannin ado ba, kuma a lokacin salon tsofaffin gidajen tangaran na Jamus da Faransa, irin su Meissen da Sèvres, suke kwaikwayo. Da gidan ya yi musu kaɗan, sai suka koma garin Tavernes Blanques a 1958, inda masana'antar take har yau.

A shekarun 1960 ne suka sami nasu salon, na dogayen siffofi sirara masu launi marar kauri, galibi fari da toka-toka da shuɗi mai haske. Wannan launin ya samo asali ne daga yadda suke gashi, domin sun bar tsohuwar hanyar gasa kaya sau uku, suka koma gashi ɗaya a zafin da ya kai kusan digiri 1,300. Kafin a kai ga tanderu, ana dama farin yumɓu da garin wasu duwatsu har ya zama ruwa-ruwa, a zuba a mazubai daban-daban, kai da nasa, hannu da nasa, sannan a haɗa gaɓoɓin da ruwan yumɓun, a yi fenti da hannu, a shafa abin da ke ba shi ƙyalli. A cikin wuta kayan yana ƙanƙancewa da kusan kashi 15 cikin ɗari. Idan kika duba furannin da ke kwandon yarinyar da kyau, za ki ga babu biyu da suka yi daidai, saboda kowane ganye da yatsu aka murza shi aka liƙa ɗaya bayan ɗaya, kuma a ganina nan ne darajar kayan take, fiye da sunan da ke ƙarƙashinsa.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Sun shiga Amurka a 1965, a 1969 suka buɗe katafaren wurin da suka kira Birnin Tangaran, a 1988 suka kafa gidan baje kolinsu a New York, a 1991 kuma aka nuna kayansu a gidan tarihi na Hermitage da ke Rasha. Suna da wani reshe mai rahusa da ake kira Nao, wanda bai kamata a ɗauke shi jabu ba, domin ɗan gida ne.

Game da tambayarki ta biyu, amsar ita ce a'a. Abin da ke cin yawancin kasuwancin gado shi ya same su: gida uku ne, kowanne da 'ya'yansa da ra'ayinsa, ga shi kuma matasan Turai da Amurka sun daina sha'awar jera irin waɗannan kaya a cikin kabad kamar yadda iyayensu suka yi, ciniki ya ja baya. A 2007 aka raba dukiyar, Juan, wanda shi ne babba, ya riƙe kashi 70 cikin ɗari na kamfanin tangaran tare da 'ya'yansa mata. Sun yi ƙoƙarin sabunta salo, sun ɗauko masu zane na zamani irin su Jaime Hayon, sun ƙara fitilu da kayan ƙawata ɗaki a kan mutum-mutumi, amma hakan bai hana a sayar da kamfanin ga wani kamfanin zuba jari mai suna PHI Industrial a farkon 2017 ba. Juan ya rasu a ƙarshen wannan shekarar, José da Vicente kuma suka bi shi a 2019.

Shuɗin tambarin mai fure ya soma aiki ne a farkon shekarun 1970, saboda haka naki bai girmi wannan lokacin ba. Ki riƙa share masa ƙura da burushi mai laushi, kada ki goga tsumma a kan furannin, domin ganye ɗaya da ya ɓalle yana rage masa kuɗi ƙwarai a wurin masu tara irinsa.