Yadda Ruwa Ya Hau Tudun Perugia Ba Tare Da Inji Ba

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga hoton wata siririyar gada a birnin Perugia na ƙasar Italiya, gidaje sun sa ta a tsakiya, mutane na tafiya a kanta. An ce da can hanyar ruwa ce. To birnin ai a kan tudu yake. Yaya ruwa zai hau tudu a zamanin da babu inji, babu lantarki?

Amsa: Barka kadai, Malam. Gadar da ka gani ita ce Via dell'Acquedotto, kuma gaskiya aka gaya maka.

Ruwan daga tsaunin Pacciano yake fitowa, kimanin kilomita 4 daga birnin. Sirrin abin duk a nan yake: idon ruwan ya fi dandalin tsakiyar garin tsayi. Sai dai tsakaninsu akwai kwari. Da a buɗaɗɗiyar magudana aka sako ruwan, da ya gangara kwarin ya kwanta, shi ke nan. Sai suka rufe shi ruf cikin bututun darma. In ka taɓa ganin magini yana auna lebur da siririn tiyo mai ruwa a ciki, ka ga yadda ruwan ke tsayawa daidai wa daida a bakuna biyun, komai lanƙwasar tiyon a ƙasa. Haka aka yi a nan. Nauyin ruwan da ke sauka daga tsauni shi ke tura na gabansa ya hau ɗaya gefen, muddin bakin da zai fito bai kai mafarinsa tsayi ba.

Faɗar ta fi aikin sauƙi. Duk zurfin mita 10 da bututu ya gangara, matsin ruwan cikinsa yana ƙaruwa da kusan nauyin kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Darma kuwa laushi gare ta, wurin haɗi guda ya saki, ruwa ya tsiyaye a hanya. Ga iska da kan maƙale a inda bututu ya yi doro, ta tare ruwan kamar an toshe. Amfanin gadojin ke nan: suna ɗaga bututun daga gindin kwari domin a rage masa matsi, su kuma miƙe masa hanya. Waɗannan bakan gizo na dutse da ka gani a hoton, bututu aka gina su su ɗauka.

An fara aikin a 1254, ya tsaya, aka sake ɗauko shi bayan shekara ashirin da wani abu, ƙarƙashin kulawar wani malamin coci, Fra Bevignate, tare da gwanin harkar ruwa Boninsegna mutumin birnin Benis (Venice). Wajen 1280 ruwa ya iso. A 1322 aka ƙara wata hanyar da ta fi miƙewa.

Kafin wannan, rijiyoyi da matattarar ruwan sama mutanen garin suka dogara da su. Har yau ana shiga wata tsohuwar rijiya mai zurfin kusan mita 37, wadda aka haƙa tun kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ya sa isowar ruwan ta zama abin alfahari, har tun kafin ya iso suka gina masa Fontana Maggiore, maɓulɓular da aka kammala a 1278 a dandalin da yanzu ake kira Piazza IV Novembre. Nicola Pisano da ɗansa Giovanni ne suka sassaƙa ta. Abin da ya fi burge ni a jikinta shi ne watannin shekara goma sha biyu, kowanne da aikinsa: ga mai yankan alkama, ga masu sussuka, ga mai shuka, ga wasu suna ɗumi a bakin wuta lokacin sanyi. Talakan da zai zo ɗiban ruwa yana ganin sana'arsa a jikin dutsen.

A 1835 aka daina amfani da hanyar ruwan, bayan ta daɗe tana cin kuɗin gyara. Ba su rushe ta ba. Sashen da ke cikin gari aka yi masa katanga a gefe da gefe, ya koma hanyar ƙafa mai haɗa unguwar Sant'Angelo da tsakiyar birni, gidaje suka buɗe ƙofofinsu a kanta. A ganina wannan ne ya tsare ta, don ɗaliban jami'a da mazauna unguwa suna bin ta kullum, kuma wurin da ake takawa safe da yamma ba a barinsa ya zube.