Ga ƙanena mai shirin IELTS, kan firstly da secondly

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce malamin da ke shirya ku wa jarrabawar Turanci ta IELTS ya ce ku buɗe kowane sakin layi da firstly, secondly, thirdly, kana son sanin ko haka ake rubutu a jami'o'in nan Ingila.

Aikinsu jera hujjoji ne, yadda mu ke cewa na farko, na biyu, na uku. Daga first, second, third aka samo su. Ko ka bar su haka ba tare da -ly ba, daidai ne, Amurkawa ma hakan suka fi so. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka gauraya: in ka fara da firstly, to secondly ce za ta biyo. Da wuya a wuce thirdly. Fourthly da fifthly suna cikin ƙamus, amma suna da nauyi a kunne, don haka hujjar ƙarshe finally ko lastly ake sa mata.

Inda ɗalibanmu suka fi tuntuɓe shi ne at first da at last, kuma abin yana damuna, don maki ne ke zubewa a banza. Mu da “da farko” muke yin aiki biyu, Turanci kuwa ya raba su. In ka rubuta “At first I liked the course”, Bature ya riga ya kasa kunne yana jiran “amma daga baya na canza ra'ayi”. At last kuma ta wanda ya gaji da jira ce, irin wadda za ka faɗa ranar da bizarka ta fito bayan watanni. Ba a rufe jerin hujjoji da ita.

A tambaya ta biyu ta ɓangaren rubutu na IELTS ana son kalmomi 250 aƙalla cikin kusan minti 40, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na makin yana kan yadda bayaninka ya ɗinku da juna. Masu duba takarda suna gane wanda ya haddace waɗannan kalmomi ya yayyafa su ko'ina, kuma hakan na hana shi maki mai yawa. Malaminka ya ba ka tsani mai kyau, sai dai ka taka shi inda hujjoji biyu ko uku suke jere da gaske. A sauran wurare, however da therefore da for example sun fi nuna yadda wannan magana ta haifi waccan.

Rubuta gwaji ɗaya a wannan makon ka turo mini ta WhatsApp, in sha Allahu zan duba maka. Ka gaida su Inna.