Tambaya: Na shigo Ingila da iyali, ta ina zan fara neman asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na zo Ingila karatun digiri na uku tare da matata, tana da juna biyu wata biyar. Surukata za ta zo da bizar ziyara don ta taya mu zaman jego, tana da hawan jini da ciwon suga. An ce asibiti kyauta ne a nan, to mu ma haka ne? Kuma ta ina ake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sauki Madam lafiya. Abu na farko, tun kafin ka gama karanta amsar nan, ka nemi asibitin unguwa wanda suke kira GP ku yi rajista kai da ita. A tsarin NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, ba ka tashi kawai ka tafi wajen babban likita kamar yadda muka saba a gida, GP ne ƙofa, shi zai tura ka gaba in akwai buƙata. Rajistar kyauta ce ga kowa, kuma a ƙa'ida ba dole sai ka nuna fasfo ko shaidar adireshi ko takardar zama ba. Wasu masu karɓar baƙi a asibitocin sukan nace sai an kawo, in aka yi maka haka ka faɗa musu cikin ladabi cewa ƙa'idar NHS ba ta ce haka ba, ko ka gwada wani asibitin kusa. Madam kuma kada ta jira, ta nemi a haɗa ta da ungozoma yanzu yanzu, don wata biyar ta riga ta wuce lokacin da suke so a fara awo.

Maganar kyauta kuma, ai kun riga kun biya. Kuɗin lafiyar nan da aka caje ku lokacin neman biza, fam 776 a shekara ga ɗalibi da kowane ɗaya daga iyalinsa, fam 1,035 ga yawancin ma'aikata tun Fabrairun 2024, shi ya ba ku damar ganin likita da kwanciya da haihuwa ba tare da wani biya ba. Abin da bai ɗauke muku ba shi ne haƙori da tabarau da kuɗin magani, a Ingila fam 9.90 ne kowane magani ɗaya da likita ya rubuta, a Scotland da Wales kuwa kyauta ne. Amma mai ciki ba ta biyan kuɗin magani, har shekara ɗaya bayan haihuwa, sai dai ungozoma ko likita ya cike mata takardar yafiya, to ta tambaya, don ba kowa ke tunawa ya faɗa ba. Jaririn ma an ɗauke masa wata 3 na farko, kafin su cika ku nema masa biza.

Toh inda nake so ka natsu shi ne maganar Hajiya surukarka, nan ne mutanenmu suke faɗawa rami wallahi. Kuɗin da ka biya bai shafe ta ba ko kaɗan. Mai bizar ziyara zai iya ganin GP kyauta, kuma in abu ya taso na gaggawa a kira 999 ko a kai ta sashen gaggawa na asibiti wanda suke kira A&E, za a duba ta ba a karɓi ko sisi ba. Amma da zarar an ce a ba ta gado, lissafi ya fara, kuma ana cajin baƙo kashi 150 cikin 100 na ainihin kuɗin aikin, kaga mai hawan jini da suga in Allah ya kiyaye abu ya taɓa ƙoda ko ya zama shanyewar ɓarin jiki, kwana kaɗan sai ka ga dubban fam. In bashin ya kai fam 500 aka yi wata 2 ba a biya ba kuma ba a yi yarjejeniyar biya ba, asibiti na kai sunanta ma'aikatar cikin gida, gobe ta nemi biza a iya hana ta. Don haka ku saya mata inshorar tafiya tun tana gida, kuma ku faɗi ciwonta ƙarara a fom ɗin, in kun ɓoye kamfanin zai ƙi biya ranar da ake buƙata. Ta taho da magungunanta da za su ishe ta a kwalayensu na asali da takardar likitanta, don a nan ba a shiga kemis a sayi maganin hawan jini haka kawai.

Akwai cututtukan da kowa kyauta ake masa, baƙo ko ɗan gari, irin su tarin fuka da HIV da maleriya. In Hajiya ta sauka da zazzaɓi kada a tsaya shan Panadol, a faɗa wa likita daga Najeriya take a yi gwajin jini. In ba ta jin Turanci ku nemi tafinta tun lokacin da kuke kama layin ganin likita, NHS ce ke biya. Da dare ko ƙarshen mako in ba ku san inda za ku nufa ba, ku kira 111, kyauta ne kuma ba sa rufewa.