Amsar murya a gurup, ga ƙanenmu da ya tare Wadata

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na ji muryarka tun da hantsi, ina cikin kasuwa ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce kun tare Wadata, kana neman lambar wani babba a meri saboda ko-ta-kwana. Na gane, haihuwar da iyalinka ke jira ce ta sa ka wannan tambaya. To ni ba ni da lambar babba, ko ina da ita ma ba ita za ta fisshe ka ba. Kai ma ka gani, a watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun garuruwa aka naɗa masu riƙo. Na sama sun tafi, mai rubuta takardar haihuwa kuwa yana nan bisa teburinshi. Irin su za ka sani.

Fara da mai unguwa. Ka je bayan la'asar ka gaishe shi, ka faɗa mishi gidan da ka shiga da sunan mai gidan. Garin Tawa meri biyu gare shi, shi zai ce maka ga wadda za ka je, kada ka sha rana banza. Daga nan gidan likitan unguwa. Ka raka maiɗakinka awo ko sau ɗaya, majo, wato shugaban ma'aikatan gidan likitan, ya ga fuskarka, ungozoma ta san matar wa take dubawa. Tun 2006 yaro ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba shi, ko da yake wani lokaci magani na yankewa, a rubuta maka ka saya. Su ma ma'aikatan ba son ransu ba ne, kada ka yi musu faɗa.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne kwana 60. Cikin kwana 60 ake sanar da haihuwa, kuma ba a biyan ko dala. In ka wuce, sai kotu, sai shaidu. Ni abin da ya same ni ke nan da ɗiyata ta biyu. Wani mutum da ke zaman benci a bakin wani ofis, kullum da jaka a hammata, ya ce ya san kowa a ciki. Na ba shi jika uku... a'a, biyar ne, don ya dawo ya karɓi biyu wai na tambari. Yau gobe, yau gobe, har lokaci ya wuce. Da takarda ta fito an ɓata sunan uwarta, ban lura ba sai da yarinya za ta zauna jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji daraktan makarantarsu ya aiko kirana. Na rufe shago, na ɗauko dattijai biyu bisa babur don su yi shaida a kotu, muka wuni muna jira, yarinya na kuka a gida. Wallahi har yau in na tuna zuciyata tafasa take. Kuma ka san me? Matar da ke cika takardun a wurin haihuwa, layi ɗaya muke, 'ya'yanta da nawa allo ɗaya suke zuwa. Ban taɓa tsayawa na tambayi aikinta ba, daga ina kwana sai ina wuni.

Masu zagayawa da maganin zazzaɓin cizon sauro da damina su ma, in sun yi sallama a ba su tabarma da ruwa, a tambayi sunansu. Sai mai karanta kwantar wuta, shi kuma... bari dai, wannan sai mun haɗu. 'Yan sanda 17, 'yan kwana-kwana 18, ka sa a wayar maiɗakinka.

Asabar bayan la'asar ka jira ni bakin masallacinku, ni zan kai ka wurin mai unguwa. Ka riƙo goro da katinka.